WA KE SHAN WUTAR BATIR DA DARE?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da duk wanda ya mallaki mota ko aka ɗora masa nauyin kula da motar ofis. Maganar batir ce. Na san wani zai ce, me ya haɗa akawu da batir, ba ya tsaya ga alƙalaminsa ba? To, takardar sayen batir ta hannunmu ta ke bi, takardar tuhumar direba mu ke buga ta, in kuwa za a yanke wa mutum albashi mu ke lissafa abin da za a yanke. Wanda irin waɗannan takardu ke ratsa teburinsa ya kamata ya san abin da ke cikinsu.

Abin da na ke so in faɗa shi ne, idan mota ta kwana lafiya, gari ya waye ta ƙi tashi, ba kullum ne laifin batir ba, ba kuma kullum ne laifin direba ba. Sau da yawa wani abu ne a cikin wayoyin motar ya ke shan wuta a ɓoye bayan an zare makulli, amma sai a bar jaki a doki taiki, a sayo sabon batir, shi ma ya bi sawun na farko.

Bari in fara da shi batirin kansa. Irin wanda ke cikin motocinmu wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, watau ya girmi mota kanta. Faranti-farantin darma ne a jiƙe cikin ruwan asid, an raba su ɗaki 6, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yar ɗoriya, sai jimla ta kama 12.6 idan ya cika. A da da hannu a ke murɗa mota ta gaba kafin ta tashi, sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya sa wa motocinsa kik mai aiki da lantarki, aikin Charles Kettering, tun daga nan tashin mota ya rataya a wuyan batir. Ma'auni biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wutar, ampiya kuwa yawan wutar da ke gudana, kamar yadda tsawon tankin ruwa daban, yawan ruwan da ke zuba ta famfo daban. In ka ga an rubuta 60Ah a jikin batir, ma'anarsa zai iya ba da ampiya 3 har tsawon awa 20 kafin ya ƙare.

Mu akawuna hanyar da ta fi mana sauƙin gane shi ita ce mu ɗauke shi kamar akwatin Ma'aji. Batir ba ya haifar da wuta, ajiya kawai ya ke yi. Kuɗin shiga daga altaneta su ke zuwa, wadda inji ke juyawa da fambel. Kuɗin fita su ne kik da fitilu da ham da sauransu. Idan Ma'aji ya buɗe akwati da safe ya tarar wayam, ba zai ɗauki akwatin ya jefar ya sayo wani ba. Zai tambaya tukuna, shin kuɗin ne ba su shigo ba, ko akwatin ne ya ɓule, ko kuwa akwai mai makulli na biyu?

A shekarar 2023 wannan tambaya ta zo har teburina. Ofishinmu na da mota guda, direbanta wani dattijo ne da ya shekara 19 yana aiki, kowa Baba Direba ya ke kiransa. Cikin wata biyar aka sayi batir biyu, ga shi kuma motar ta koma halinta na ƙin tashi. Ran shugabanmu ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba, don shi a ke tambaya a sama. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne wani ya raɗa masa wai Baba na ɗauke sabon batir ya kai gida, ya kawo tsoho ya ɗaura. Sai aka umurce ni in buga takardar tuhuma, in kuma lissafa yadda za a cire kuɗin batir daga albashinsa. Kuɗin kuwa ya kusa albashinsa na wata ɗungum, ga iyali. Amma ba kuɗin ne ya fi damun Baba ba. Ya same ni a baranda ya ce, "Malam, in kuɗi ne a cire, sai dai kada a rubuta ɓarawo a fayil ɗina ina dab da barin aiki."

Takardar tuhuma ba ta yiwuwa sai da kwanan wata, sabo da haka na jawo littafin zirga-zirgar motar in tsamo ranakun da ta ƙi tashi. Sau 11 ne. Tara daga ciki Litinin ce, sauran biyun kuwa kashegarin hutu. Babu Laraba ko ɗaya, babu Alhamis. A makarantar Mishan da na yi, malamin lissafinmu ya kan sa mu jera lambobi a layi kafin mu ce komai a kansu, kuma ga shi nan sun jeru suna magana da kansu. Direban da ke mance fitila a kunne ba ya zaɓen rana. Makullin motar kuma a aljihun teburina ya ke kwana tun daga azahar ɗin Jumma'a, ita kuwa tana cikin harabar ofis gaban mai gadi. Na fita na ɗaga bonet, na gwada lambar da ke jikin batir da wadda ke kan rasit, suka zo ɗaya. Sai na shiga wurin shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙurin kwana uku kafin in buga takardar nan." Ya duba littafin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya ba ni.

Muka kai motar wurin wani mai rewaya, ba wanda a ke kai wa kullum ba, wani ne da aka shaide shi da aiki da mita. Ina roƙon masu karatu su lura da wannan. Akwai masu rewaya da yawa da ke da hannu ƙwarai, amma gwajinsu duka na ƙyasta waya ne a jikin ƙarfe su ga tartsatsi. Ɓarawon da mu ke nema bai kai girman da tartsatsi zai nuna shi sosai ba, ban da haka ma batir ya kan fitar da wata iska mai kama wuta, musamman in ana cajinsa, tartsatsi kusa da shi na iya fasa shi ya watsa wa mutum asid a ido.

Mutumin nan ya fara da akwatin. Ya sauke batir ya yi masa caji, ya ajiye shi gefe ba a haɗe da komai ba har kwana guda, da ya auna sai ga 12.5. Ya ce batir mai lafiya da ya huta ya kan nuna 12.6 in ya cika, 12.4 in ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 in ya yi rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Ya mayar da shi, ya sa yaronsa ya yi kik yana duban mita, bai faɗo ƙasa da 10 ba, ya ce in da ya gangara ƙasa da 9.6 da sai a zargi batirin. Akwati dai bai ɓule ba. Sa'an nan ya auna kuɗin shiga inji na tafiya, aka sami 13.9, abin da a ke nema kuwa tsakanin 13.8 ne da 14.5. Ya ce mini, "Malam, a nan mafi yawa su ke tsayawa. Sun ga batir lafiya, caji lafiya, sai su ce direba ne."

Gwaji na uku shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, sabo da haka zan faɗe shi daki-daki. Ya kashe inji, ya zare makulli, ya kashe komai. Ƙofar direba ya bar ta a buɗe don ya kai ga akwatin fis, amma ya danna harshen makullinta da sukundireba don motar ta zaci a rufe ta ke. Ya kwance kan batir na debewa, watau mai alamar layi ɗaya, wanda wayarsa ke ɗaure a jikin mota. Wannan a ke fara kwancewa ko yaushe, domin in ka fara da na tarawa, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannunka. Ya juya mita zuwa ma'aunin ampiya 10, ya ɗora baki ɗaya a kan batir, ɗayan a kan wayar da ya kwance, ta yadda duk wutar da za ta fita sai ta ratsa ta cikin mitar, kamar yadda kowace takardar biya ke ratsa teburin akawu. Ya gargaɗi yaronsa kada ya kuskura ya taɓa makulli, don kik na jan ampiya fiye da 100, nan take mitar za ta ƙone.

Sai muka zauna. Na ce me mu ke jira? Ya ce motocin yanzu ba su yin barci da zarar an kashe su, akwai ƙananan kwamfutoci a ciki da kan ɗauki minti 20 ko 30, wasu har awa guda, kafin su kwanta. Wanda ya yi gaggawa zai kama mai gida ya ce ɓarawo ne. Ko bayan sun kwanta akwai ɗan abin da ya halatta a sha, na agogo da na ƙwaƙwalwar rediyo da na makullin nesa, amma duka bai kamata ya wuce 0.05 na ampiya ba. Bayan minti 40 mitarmu ta tsaya cak a kan 0.6, watau ninki 12 na abin da aka yarda.

Nan na ciro takarda na yi abin da na iya. Daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na safe awa 16 ne, a ninka da 0.6, ya ba da 9.6 daga cikin 60. Batir zai jure wannan, ya tashi mota, altaneta ta mayar masa da rana. Amma daga ƙarfe 1 na ranar Jumma'a zuwa 8 na safiyar Litinin awa 67 ne, a ninka da 0.6, ya haura 40. Kashi biyu cikin uku sun tafi, ga shi kuwa motar da ke 'yan gajerun tafiye-tafiye cikin gari ba kasafai batirinta ke cika fal ba tun farko. Ka ji asirin Litinin.

Saura a san ko wane ne. Ya shiga zare fis ɗaya-ɗaya yana duban mita, in lamba ba ta motsa ba ya mayar, ya jira ta natsu, ya zare na gaba. Hikimar abin ita ce kowane fis ƙofa ce ta unguwa guda, in ka rufe ƙofa wuta ta daina fita, ka san unguwar da ɓarawo ya ke. Ya ce a motoci masu yawan kwamfuta ya fi son ya bar fis a wurinsa ya auna 'yar wutar da ke tsakanin kunnuwansa biyu, domin zarewa da mayarwa na tayar da waɗanda suka yi barci. Ya gama na cikin mota, ya gama na ƙarƙashin bonet, lamba tana nan 0.6. Baba ya dube ni, na dube shi. Ni kam na soma tunanin abin da zan gaya wa shugaba.

Mai rewaya bai damu ba. Ya ce in ba a sami ɓarawo a unguwa ko ɗaya ba, to a duba mai kawo haraji. Akwai wata waya mai kauri da ta tashi daga altaneta zuwa batir, ba ta bi ta cikin ƙananan fis ɗin nan. Ya raba mita da batir tukuna don kada ya yi aiki kan waya mai wuta, ya kwance wayar nan daga bayan altaneta, ya naɗe bakinta, ya sake haɗa mita, muka sake jira. Ta sauka 0.03.

Ga yadda abin ya ke. Wutar da altaneta ke haifarwa mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya gaba ɗaya. Don haka aka sa mata wasu 'yan abubuwa da a ke kira dayod, galibi guda 6, kowannensu kamar ƙofa ce mai buɗewa waje ɗaya, wuta ta fita zuwa batir amma ba ta komowa. In suka lalace sai ƙofar ta ƙi rufuwa. Da rana altaneta na zuba wa batir, har mita ta shaide ta da kirki, da dare kuwa ta hanyar da ta kawo ta nan ta ke kwashewa. Ya nuna mini wata shaida kuma, ya ce in an juya mita zuwa ma'aunin wuta mai kai da komowa inji na tafiya, bai kamata a ga abin da ya kai rabin bolt a kan batir ba. Ciwon ma ba sabo ba ne. Kafin altaneta ta yaɗu, wadda kamfanin Chrysler ya fara sa wa motarsa Valiant a 1960, daynamo a ke amfani da shi, shi kuma yana da wani ɗan makunni da ke raba shi da batir in inji ya tsaya, ranar da makunnin ya manne haka batir zai kwana yana zuba.

Na tambaye shi me ke kashe dayod. Ya ce zafi, da haɗa wayar taimako a juye, da yin walda a jikin mota batir na haɗe, da kuma wata al'ada da na tabbata kowane mai karatu ya taɓa gani. Mota ta ƙi tashi, sai a aro batir a tayar da ita, sa'an nan a cire na aron inji na tafiya a mayar da matacce. Wasu kuma haka su ke gwada caji, su cire kan batir su ga ko inji zai mutu. A zamanin daynamo an sha yin haka an kwana lafiya, shi ya sa ta zama gado. A motar yanzu kuwa batir shi ke shanye hauhawar wuta, in ka cire shi altaneta na juyawa, wutar kan yi tsalle ta wuce iyaka, ta ƙone dayod, wani lokaci har da kwamfutar inji, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Ni a ganina wannan al'ada ta fi kowace cutar motocinmu, don mai yin ta yana ganin taimako ya ke yi.

Aka canja farantin dayod, kuɗinsa bai kai na batir ba. Muka bar motar daga Jumma'a zuwa Litinin, kik ɗaya ta tashi. Na kai wa shugaba lissafin nan a rubuce, ya karanta, ya kira Baba gaban ma'aikata ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri." Ba a buga takardar ba. Sai dai batirin bai yi tsawon rai ba, kuma mai rewaya ya riga ya faɗa mana. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan a mayar masa nan da nan, ba don a tatse shi ƙaf ba. Duk sa'ad da ya zauna a ƙare, wani farin gishiri kan taru a farantansa ya daskare, wurin da ya kama kuwa ba ya sake karɓar caji. Ga zafin ƙasarmu da ke ƙafar da ruwan batir yana gaggauta cin farantan. Wanda ya zuba sabon batir a mota mai yoyo ya kashe shi da hannunsa cikin 'yan watanni, sa'an nan ya je yana zagin mai kanti.

Kada a ɗauka kullum altaneta ce. Mutumin ya ce abin da ya fi gani shi ne kayan da aka ƙara wa mota daga baya, rediyo, da ƙararrawar ɓarayi, da na'urar bin sawu, waɗanda a kan murɗa wayarsu a kan duk waya mai wuta da hannu ya fara kai wa, a naɗe da salatif. Sai fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe. Ƙwai mai wat 5 na shan wajen 0.4 na ampiya, ya isa ya kwantar da mota a kwana huɗu ko biyar, ga shi ba mai ganinsa, sai dai ka sa wayar hannu tana ɗaukar hoto a ciki ka rufe ka duba. Akwai cajar waya da aka bari a soket, da rile da ya manne, da ɓera da ya ci rigar waya. Har ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid a saman batir ta kan zama hanya tsakanin kawunan biyu. Maganin wannan a goge da tsumma da ruwan kanwa, a kula kada ya shiga cikin ramukan.

Ga 'yan'uwana akawuna da ke nesa da mai mita, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ran Jumma'a bayan motar ta yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe ta, a kwance kan batir na debewa da sifana, a kawar da wayar gefe. Ran Litinin a ɗaure a yi kik. In ta tashi garau, alhali da a haɗe ya kwana ba ta tashi, to batir ya fita daga zargi, a nemi mai rewaya. In kuwa ta ƙi duk da haka, sai a koma kan batirin da cajinsa. Agogo zai ɓace, wasu rediyoyin kuma za su nemi lambar sirrinsu, sabo da haka a nemo ta kafin a kwance. A littafin motar kuma a ja layi guda a riƙa rubuta ranar da ta ƙi tashi, da awa nawa ta yi a tsaye kafin nan.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu,
Zariya.